Irin Gado a Lambu: Zaɓensa da Ajiyarsa



Mas'alar da za mu duba yau ƙarama ce a ido, domin ba ta fi abin da za a ƙulle a bakin zane ba, amma duk wanda ya taɓa gyara fangali, ya zuba taki, ya yi ta ban ruwa safe da maraice, sa'an nan ya zauna jiran tsiro har kwanaki suka shuɗe bai ga komai ba sai ciyawa, ba ya bukatar a kawo masa hujja a kan girmanta. Maganar iri ce, irin gado kuwa, wato wanda ya zo mana hannu da hannu daga magabata, wanda in ka shuka shi zai haifi mai kama da uwarsa, ka ɗebi na baɗi daga jikinsa ba tare da ka taka ƙofar kanti ba, wanda kuma ya saba da kashin shanu da na awaki da tokar murhu da sharar juji, har ba ya jiran takin zamani ko maganin feshi kafin ya yi albarka.

Tun farko ya kamata mu kawar da wani zato da ya zauna a zukatan mutane, cewa irin gado shi ne abin da ya tsiro a ƙasarmu tun fil'azal. Gero da dawa da wake, haƙiƙa, 'yan asalin Afirka ne, har masu binciken kufai sun tono shaidar noman gero a kwarin Tilemsi, cikin ƙasar Mali ta yau, wadda ta kai kimanin shekara 4,500. Amma tumatir da barkono da tattasai da kabewa da masara da gyaɗa duk baƙi ne, daga nahiyar Amurka suka fito, ba su kuma tsallako teku ba sai bayan shekarar 1492. Duk da haka ban taɓa jin wanda ya ce miyar taushe baƙuwa ce ba. Abin da ya mai da su namu shi ne zaɓe. Shekara bayan shekara wani bawan Allah, wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, ya tsaya a cikin shukarsa, ya duba, ya ce wannan ta fi waccan jure ƙishi, ko ta fi daɗin miya, ko tsutsa ba ta dame ta ba, ya ajiye 'ya'yanta. Haka aka yi ta yi har aka sami albasar Galmi da waken kanannado da dawar kaura. Aikin nan kuwa bai ƙare ba, yana hannun duk wanda ya ɗebi iri bana, ko ya sani ko bai sani ba.

To, ga inda illar take. Mai lambu ya shuka kuɓewa, ta fara 'ya'ya a lokacin da take tsada, sai ya tsinke na fari masu kyau ya kai kasuwa, ya tsinke na biyu da na uku, yana murna da ciniki, har sai ganye ya fara kaɗewa, sa'an nan ya tuna da iri, ya bi ya bar 'yan ragowar da suka ƙanƙance a saman kara. Waɗanne itatuwa ne suka rage suna 'ya'ya a wannan lokaci? Masu nawa ne, domin masu sauri sun riga sun gama. Ga shi kuma uwar ta gaji, ƙwayar ba ta cika ba, cuta ta sami lokacin shiga. Ya yi haka bana, ya yi baɗi, ɗansa ya gaje shi a kan haka, bayan wasu shekaru sai ka ji ana cewa irin gargajiya ya mutu, ba ya yi da wuri, ba ya auki, alhali kuwa mai shi ne ya yi ta zaɓen mafi rauni da hannunsa, yana sayar da mafi kyau. Haka wanda yake tatsar iri daga ruɓaɓɓen tumatirin da ya kwana a gindin kwando, don kawai ba shi da mai saye. Akwai cututtukan da ke bin ƙwaya, yana kuwa kai su fangalinsa da kansa. A ganina wannan ɗabi'a ta fi fari da fara ɓata irinmu, domin su sukan zo su wuce, ita kuwa kullum tana nan.

Ƙa'idar da tsofaffin manoma suka yi kusan ijma'i a kanta ita ce, ana zaɓen iri ne tun shuka tana tsaye. Ka shiga lambunka lokacin da ta fara fure, ka duba uwa gaba ɗayanta, daga gindi har toho: wadda ta tsiro da ƙarfi, ganyenta bai nannaɗe ba, bai yi rodi-rodi ba, wadda ba ta yi yaushi ba ranar da ruwa ya yi jinkiri, wadda 'ya'yanta suka zo a siffar da kake so. Ka ɗaura mata tsumma, ka gargaɗi yara da mai ɗaki cewa wannan ta iri ce, ba a taɓa ta, ka bar mata 'ya'yanta na fari da na tsakiya su nuna a jikinta. Ɗa guda mai girma a jikin uwa mai ciwo kada ya ruɗe ka, domin halin uwar ne ke cikin ƙwayar. Kuma kada ka dogara ga uwa ɗaya, komai kyanta. Tumatir da wake, waɗanda furensu ke wadatar da kansa, uwa 10 zuwa 20 sun isa. Amma masara, wadda iska ce ke ɗaukar bununinta daga wannan kara zuwa wancan, in ka yi ta ɗibar iri daga kara uku ko huɗu, auren zumunci zai yi mata yawa, ta riƙa gajarta tana ramewa, shi ya sa masana suke ambaton kara 100 zuwa 200.

Sai dai a lura, abin da ake nema ya bambanta gwargwadon abin da ake ci a jikin shuka. Kuɓewa da tumatir, mai saurin haihuwa ake so. Alayyahu da latas kuwa, ganyensu ake ci, saboda haka wanda ya riga 'yan uwansa fitar da kai shi ne abin gudu, ko da yake shi ne zai fara miƙo maka iri. Ka tuge shi ka kai tukunya, ka jira wanda ya daɗe yana ba da ganye. Albasa ma tana da nata hukuncin, domin ba ta ba da iri mai kyau sai a zagaye na biyu: ana girbe ta, a ajiye, sa'an nan a zaɓi ƙwayoyin da suka shafe watanni ba su ruɓe ba, ba su tsiro ba, masu siririn wuya da launi ɗaya, a mai da su ƙasa da sanyin hunturu su yi fure. Wadda ta yi fure tun zagayen farko, in ka ɗebi irinta, ka koya wa albasarka yin kara maimakon ƙwaya. Da irin wannan haƙuri mutanen Galmi, a jihar Tawa ta Nijar, suka fitar da albasar da ake sayarwa har Abijan da Akara, wadda darajarta ta kai har wani kamfanin iri ya nemi a yi masa rajistar mallakarta da sunan garin, hukumomin Nijar da manomanta suka tashi suka ƙi.

Kada wani ya fahimce ni da cewa ina gaba da ingantaccen iri. Cibiyar binciken noma ta Samaru, wadda tushenta ya koma shekarar 1922, ta fitar da iri masu amfani, kuma manomin da damina ta gajarce masa, ya sami geron Sosat mai nuna da wuri, ba shi da laifi in ya karɓa ya gode wa Allah. Da yawa daga cikin waɗannan ma ana iya ajiye irinsu a sake shukawa. Wanda ake bukatar bayani a kansa shi ne iri mai aure, wanda za ka ga an rubuta F1 a jikin gwangwaninsa ko takardarsa. Shi an haɗa iyaye biyu ne mabambanta, 'ya'yan farko suka fito bai ɗaya, masu ƙarfi da yawan haihuwa. Amma in ka ɗebi irinsu ka shuka, sai halayen kakanni su rarrabu a cikin jikoki, wannan dogo, wancan gajere, wannan mai tauri, wancan mai ruwa. Wani malamin coci mai suna Mendel ne ya fara bayyana wannan sirri, bayan ya yi shekaru yana gwaji da wani irin wake na Turai, ya buga sakamakonsa a 1866. Hausawa suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to, a wannan babi dai jikanta yakan yi. Ba ha'inci ba ne daga mai kanti, haka ɗabi'ar abin take. Sai dai wanda ya shiga wannan hanya ya sani cewa kowace shekara sai ya kai kuɗi. Karas da kabeji kuma, galibinsu suna bukatar sanyin da ba mu da shi kafin su yi fure, saboda haka sayen irinsu ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma wata hikima a cikin tsohon iri wadda ba a ganinta a buhu. Dawar farafara da waken kanannado suna lura da tsawon yini ne, ba ƙidayar kwanaki ba. Ko ka shuka da wuri ko ka makara, ba za su yi fure ba sai rana ta fara gajarta, daidai lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa a yankin da suka saba, ta yadda ƙwaya za ta nuna a bushe, fumfuna ba ta taɓa ta ba, ga kara da harawa ga dabbobi. Wannan daidaito da sararin samaniyar wuri guda shi ne dalilin da ya sa irin da ya yi albarka a Zariya zai iya ba ka kunya a Damagaram.

Bayan zaɓe sai tsare nasaba. Tattasai da barkono mai yaji 'yan uwan juna ne, zuma kuwa ba ta san iyakar fangali ba. In suka yi maƙwabtaka, ba za ka ga komai bana ba, sai baɗi uwargida ta yi miya da tattasai mutanen gida su yi ta hawaye. Kankana da guna ma haka, gero kuma da shibra, shi ya sa manomin kirki yake cire shibra kafin ta saki bununi. Magani shi ne nisantawa, ko saɓa lokacin shuka da kamar mako 3 don furensu kada ya haɗu, ko kuwa, ga mai ƙaramin wuri, a lulluɓe 'yan itatuwan iri da tsohon gidan sauro tun kafin fure ya buɗe, tun da barkono yana iya ɗaukar ciki da kansa. Kabewa ita ce mai bukatar hannu: furenta namiji daban, mace daban, ana gane macen da ɗan ƙullutun da ke gindinta. Da maraice ka ɗaure bakin macen da za ta buɗe gobe da zare, ka ɗaure namiji daga wata uwa mai kyau, da sassafe ka tsinko shi, ka kwance ta, ka shafa mata garinsa, ka sake ɗaurewa, ka sa alama. Aikin minti kaɗan ne, ga shi kuma yara suna sonsa.

Nunar ci daban, nunar iri daban. Kuɓewa sai ta bushe a kara ta fara tsagewa. Yalo da gauta sai sun wuce ci, sun yi ja ko rawaya. Barkono sai ya yi jawur. Kabewa, bayan an tsinke ta, a bar ta ta huta wasu makonni kafin a fasa, domin ƙwayar tana ci gaba da cika a ciki. Yakuwa da rama da lalo a yanke su kafin kwanso ya fashe ya zubar. Tumatir kuwa a matse shi a kwano da ruwansa, a bar shi kwana 2 ko 3 ya yi tsami, har yauƙin da ke lulluɓe da ƙwaya, wanda ke hana ta tsiro, ya narke. Sa'an nan a zuba ruwa, wanda ya taso sama a zubar, wanda ya nutse a wanke a shanya. A shanya a inuwa mai iska, a kan faifai ko tsumma, kada a kan kwanon rufi ko bakin kwalta da tsakar rana, domin abin da ke cikin ƙwayar nan rai ne, zafi mai tsanani yana kashe shi alhali ba ka ga alama a waje ba.

Yanzu mun zo ga ajiya, wadda a ƙasashen zafi ita ce jarrabawa mafi wuya. Ƙwayar iri tana numfashi a hankali, tana cin guzurin da uwarta ta ba ta, kuma abu biyu ne ke gaggauta ƙarewar guzurin: laima da zafi. Wani masani Ba'amurke, Harrington, ya taƙaita abin a ƙa'ida biyu: duk lokacin da laimar cikin ƙwaya ta ragu da kashi 1 cikin 100, kwanakinta sukan ninka, haka kuma duk lokacin da zafin ma'ajiya ya sauka da digiri 5. Mu nan Allah Ya yi mana rahama da hunturu, wanda ke busar da iri sarai, sa'an nan Ya jarrabe mu da bazara da marka. Saboda haka dabarar ita ce a busar sarai a cikin hunturu, a rufe kafin hadarin farko, kada a yi ta buɗewa a watan Agusta. In kana shakkar bushewa, ka ciji ƙwayar wake ko masara, in ta fashe ƙaras ta yi. Ta kabewa ta karye, kada ta lanƙwashe. Ko ka zuba iri a busasshiyar kwalba da ɗan busasshen gishiri ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalba, da saura. Wanda ya ƙulle iri mai laima a leda, ya ajiye a ɗakin kwano, ya dafa shi ne da hannunsa.

Magabata ba su san digiri ba, amma sun san aikin. Suna rataye kuɓewa da masara da zangarniyar iri a saman murhu, inda hayaƙi ke korar ƙwaro, ɗumi kuma ke korar laima. Suna cakuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka ko yashi mai laushi a cikin tulu, su liƙe bakin da laka, har ƙwaro ya rasa wurin motsi. Wasu su ƙara busasshen barkono ko ganyen darbejiya. Suna barin gyaɗa a ɓawonta, gero da dawa a zangarniyarsu, ba a sussuka sai shuka ta matso, kuma duk almajirin da ya karanta ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam, ya san cewa barin hatsi a zangarniya ita ce shawarar da ya bayar a Masar domin shekarun yunwa. Zamani ya ƙara mana kwalba mai murfi da jarka, da buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka fitar tare da masu bincike na Afirka, aka fara yaɗa shi a 2007: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu ba tare da an sa guba ba. Wannan ya fi mini kwanciyar rai nesa ba kusa ba, domin irin da aka turara da guba ko aka shafa wa jan magani yakan ɓata hanya ya shiga tukunya a gidan da yara suke. Firiji yana da amfani in kwalbar a rufe take ruf, amma a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, raɓar da ke taruwa a ciki ta fi zafin ɗaki ɓarna. Gara a nemi lungu mai sanyi a ɗakin ƙasa, a ɗaga daga daɓe saboda gara da ɓera. A kuma rubuta suna da shekara a jiki, da boko ko da ajami, domin tunani yana yaudara.

Ba kowane iri ke daɗewa daidai ba. Na albasa da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa. Na barkono yakan kai 2. Na tumatir da kabewa, in an kyautata ajiya, sukan fi haka. Ƙwallon mangwaro da goro da 'ya'yan lemo kuwa ba sa jure bushewa sam, sai a shuka su da ɗanyensu. Saboda haka kafin lokacin shuka da mako 2, ka ƙirga ƙwaya 20, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. In 16 suka tsiro, alhamdu lillahi. In 12 ne, ka ƙara yawan abin da za ka zuba. In ba su kai 10 ba, ka nemi wani tun da sauran lokaci.

Hukumomin duniya ma sun farga da wannan al'amari. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana riƙe da samfurin wake fiye da 15,000, akwai kuma ma'ajiyar ICRISAT a Sadore kusa da Yamai. A 2008 aka buɗe wani babban rumbu a cikin dutse a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, inda ake ajiye kwafin irin duniya a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma da yaƙi ya raba masanan cibiyar Halab ta Siriya da ma'ajiyarsu, daga can suka karɓo nasu a 2015, suka sake shukawa a Labanan da Maroko. Wannan tanadi ne na hankali, ba mai musu. Sai dai irin da ke kwance a ƙanƙara yana nan yadda aka sa shi, bai san damina ta canja ba, bai gamu da sabuwar tsutsa ba. Wanda ake shukawa ana zaɓe kowace shekara shi ne ke tafiya tare da zamani. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 suna tuna yadda yunwa ta tilasta wa gidaje cin irin shukarsu, da yadda aka dawo da wasu iri daga hannun dangin da ke wani gari. Don haka duk abin da ka ajiye ka raba shi biyu, kada ka shuka duka a shekara guda, ka kuma ba ɗan'uwa ko suruki da ke nesa wani kaso, saboda gobara da ambaliya.

In kuma kai ne mai karɓa, a kasuwa ko a wurin maƙwabci, ka yi yadda malaman hadisi suke yi da ruwaya, ka binciki isnadi: daga hannun wa ya fito, a jigawa aka noma shi ko a fadama, na damina ne ko na rani, da wane taki aka rene shi, a wace shekara aka girbe. Sa'an nan ka gwada shi a fangali ɗaya tukuna, nesa da naka, ka ga halinsa shekara guda kafin ka bar shi ya haɗu da abin da ka gada.

A nan za mu dakata.